JITA-JITA TA FI MU IYA SHIRYA FIM

Mai karatu, ka yi mani afuwa, a wannan watan ba zan feɗe kowane fim ba. Akwai guda uku a ajiye da na yi alƙawarin dubawa, amma su jira. Abin da ke ci na a rai ya fi ƙarfin wai waƙa ta yi yawa ko sauti bai fita ba. In ka bi ni a hankali kuma za ka ga ban bar fagen nawa ba.

A layin mu a Na'ibawa, can bayan 'Yan Katako, kusan kowace ƙofa ta sha rubutun alli. Matan nan masu ɗigon foliyo ne ke yin sa, don su san gidan da su ka shiga da wanda aka hana su. Akwai wani maƙwabcin mu, mutumin kirki ƙwarai, ma'aikaci a ɗaya daga cikin kamfanonin jimar fata na Challawa. Duk ranar da ya ji an ce za su zagayo, kafin ya fita sai ya bar sallahu kada a kuskura a buɗe masu. In ya dawo ya tarar da alli a ƙofa, ya sa tsumma ya goge. Kuma abin bai tsaya ga ɗigo ba. Ya hana a kai yaran sa asibiti a yi masu ko wace irin allurar rigakafi, tun daga ta ranar haihuwa har ta wata tara.

Da daminar 2023 mashaƙo ya shigo gari. 'Yar sa mai shekara shida ta fara zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Aka kai ta kemis, aka yi mata allura, aka dawo. Wuya ya kumbura, murya ta shaƙe, ko ruwa ba ya wucewa. Kafin a kai ta asibiti bakin alƙalami ya bushe. Ina cikin waɗanda su ka raka ta makwanci. A hannu aka ɗauke ta, ko makara ba a nema ba.

A zaman makoki kowa cewa ya ke kwana ya ƙare. Haka ne, babu mai ja. Amma babu wanda ya buɗe baki ya ce cutar nan allura uku ke tsare yaro daga gare ta, a sati shida da sati goma da sati goma sha huɗu da haihuwa, kuma kyauta ake yin su. Ni ma ban faɗa ba. Sai bayan an yi arba'in na samu ƙarfin hali na ce masa, "Yaya, ƙannen ta fa? Ba za a kai su ba?" Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, ka manta abin da aka yi wa yara a Asibitin Zana?"

Wannan amsar ce ta sa ni wannan rubutun. Domin da na zauna na auna ta da ma'aunin da na ke auna finafinai, sai na ga abin da ke kan wannan bawan Allah ba jahilci ba ne. Labari ne. Labari kuma mai kyan tsari, wanda duk wani marubucin fim a Kano zai yi fatan a ce shi ya rubuta. Akwai bos, wato Bature mai kuɗi da mugun nufi. Akwai dalili, wai so ake a rage yawan Musulmi. Akwai abin tausayi, jarirai. Akwai kuma jarumi, maigida da ya tsaya a bakin ƙofa ya kare iyalin sa. Wa zai ƙi a ba shi wannan rol ɗin? Abin da ya fi komai ƙarfi shi ne labarin ya na da waiwaye guda ɗaya na gaskiya, kuma duk ɗan fim ya san in ka dasa gaskiya ɗaya a farkon shiri, ɗan kallo zai haɗiye ƙarya goma da ke biye.

To bari mu kalli waiwayen da kyau, tunda ni kai na sai shekara guda bayan sa aka haife ni, ji na yi kuma na karanta. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya gwada sabon maganin sa Trovan. Yara 200 aka ɗiba, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Sha ɗaya su ka rasu, biyar a ɓangaren Trovan, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma su ka tashi da nakasa. Iyaye su ka ce ba a gaya masu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ya nemi izini, kuma cutar ce ta kashe yaran. Jaridar Washington Post ta tono zancen a ƙarshen 2000, kwamitin da gwamnatin tarayya ta kafa ya ce gwajin ya saɓa doka, aka yi ta shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 aka fara biyan iyalai huɗu dala 175,000 kowanne, bayan an sa mutane gwajin ƙwayar halitta (DNA) don tabbatar da 'ya'yan nasu ne. Shekara goma sha biyar! Duk wanda ya ce Bakano ba shi da dalilin zargi, bai san Kano ba.

Amma ga inda aka yanke fim ɗin aka ɓoye mana saura. Trovan ba allurar rigakafi ba ce. Maganin kashe ƙwayar cuta ne da aka bai wa yaran da su ka riga su ka kwanta. Abin da ya tara su a tsakar asibitin har baƙo ya samu waɗanda zai yi gwaji a kan su shi ne sanƙarau, cutar da rigakafi ke tarewa. Tun da aka fara allurar MenAfriVac a Arewa a 2011, irin sanƙarau ɗin da ya yi ɓarnar 1996 ya kusa ɓacewa. Ashe wanda ya hana ɗan sa rigakafi saboda Asibitin Zana, hanyar komawa Asibitin Zana ya share masa. Wannan ita ce fitowar da ba a taɓa ɗauka ba.

Wa ya kamata ya ɗauke ta? Mu. Amma sai ga shi Turawa ne su ka yi fim a kan irin wannan ta'asa. "The Constant Gardener" na darakta Fernando Meirelles ya fito a 2005, daga littafin John le Carré, kuma masu sharhi da dama na danganta shi da abin da ya faru a Kano. A Kenya aka kafa labarin, jaruman Turawa ne, baƙar fata kuwa 'yan rakiya ne da gawarwaki. Rachel Weisz har kyautar Oscar ta ci da shi. Mu da abin ya faru a ƙofar gidan mu, mu na da ɗaruruwan furodusoshi, mun yi finafinan kishiya da ba za su ƙirgu ba, amma ni dai ban taɓa cin karo da fosta ɗaya a kan yaran 1996 ba. Mun bar labarin a hannun 'yan majalisar shayi, su kuma su ka tace shi yadda su ke so.

Kashi na biyu na fim ɗin jita-jita ya fito a 2003. Dakta Ibrahim Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci, ya ce an gurɓata ɗigon foliyo da abin hana haihuwa. Likita ne, ba a ce masa bai san aiki ba, lokacin kuma Amurka ta shiga Iraƙi, zukata a tafashe su ke. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da ɗigon kusan shekara guda. Sai a ƙarshen Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, gwamnan ya je Takai ya ɗiga wa yara da hannun sa. Kafin nan aikin gama ya gama. Ƙwayar cutar ta tsallaka ƙasashe wajen ashirin, ta shiga Sudan, ta shiga Yaman, har ta isa ita kan ta Indonesiyar a 2005 ta shanye ƙafafun ɗaruruwan yara. Mu mu ka sayo magani a wurin su, mu ka aika masu da cuta tukwici. A 2006 yara sama da dubu ɗaya shan inna ya kama a Nijeriya.

Batun hana haihuwa kuwa, jama'a, ai lokaci ya yi mana alƙalanci. Jariran da aka ɗiga wa a 2004 su ne yau ke goyo. Zo Na'ibawa da safe ka ƙirga gidajen suna. Leƙa ajin firamare ka ga yara sun cika har bakin taga. In da gaske an shekara ashirin ana ɗura mana maganin hana haihuwa, to wallahi wanda ya haɗa shi ya cuci waɗanda su ka ba shi kwangila.

Kashi na uku ba abin dariya ba ne. Ran Juma'a 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga su ka buɗe wa masu rigakafin foliyo wuta a wasu ƙananan asibitoci biyu, ɗaya a Unguwa Uku ɗaya a Hotoro, su ka kashe aƙalla mata tara. Daga Na'ibawa zuwa Unguwa Uku tafiya ce ta 'yan mintoci a Adaidaita Sahu. Ina sakandare a lokacin, kuma na tuna yadda unguwa ta yi tsit. Matan nan ba Turawa ba ne. Iyayen mu ne da yayyen mu, masu neman ɗan abin da za su sayi sabulu. Su waye su? 'Ya'ya nawa su ka bari? Me ya fitar da su daga gida a ranar, kuma me ya sa 'yan'uwan su su ka sake ɗaukar akwatin ƙanƙara su ka koma layi bayan an binne su? Darakta, in wannan ba labari ba ne, mene ne labari? Saboda irin su ne rabon Kano da ganin asalin foliyo tun Yulin 2014 a Sumaila, rabon ƙasar nan tun 2016 a Borno, har aka ayyana Afrika ta rabu da shi ran 25 ga Agusta, 2020.

Na san wani furodusa zai ce, "Haba malam, ai mun yi finafinan faɗakarwa." Na gan su. Na ma taɓa zama a lokeshin ɗin wani, inda wata ƙungiya ta ba da kuɗi. Kullum zubin ɗaya ne. Za a samo ɗan barkwanci a sa masa yagaggiyar riga da hula a karkace, a shafa masa baƙi a haƙori, shi ne mai ƙin rigakafi. Zai yi ta ihu ya na korar mata da taɓarya. Sai ɗan sa ya kwanta. Sai likita mai farar riga ya dubi kamara ya yi lacca ta minti bakwai. Sai mai unguwa ya ƙara tasa. Sai bagidajen ya durƙusa ya ce ya tuba. Tammat. A karɓi cikon kuɗi.

To wa ka ke so ya ga kan sa a wannan madubin? Maƙwabcin nawa ya yi sakandare, ya na sauraren BBC da asuba, ya na da waya mai intanet, ya fi wasu daraktocin sanin abin da duniya ke ciki. In ka nuna masa mai ƙin rigakafi a matsayin wawa, abu biyu zai fahimta: ba da shi ake ba, kuma waɗanda su ka biya kuɗin fim ɗin raina shi su ke yi. Jita-jita ta ba shi rol ɗin jarumi, kai ka ba shi rol ɗin dolo, sannan ka na mamakin wanda ya zaɓa. Wannan ai majigin zamanin Turawa ne aka sake wa riga, irin su "Baban Larai", inda mai wayo ke bin shawarar hukuma, wawa kuma ya ƙi ya sha wuya. Kakannin mu sun kalla don ba su da wani abin kallo. Jikokin su na da rimot a hannu.

Abin haushin shi ne an taɓa gwada akasin haka a nan Kano kuma ya ci. A ƙarshen shekarun 2000 an yi wani gangami a Gezawa, da sunan Majigi ma aka kira shi, inda ake kafa allo a dandali a nuna wa mutane yadda ƙwayar cutar ke shiga jiki da halin da yaran da ta nakasa ke ciki, sannan a bar su su yi tambaya a amsa masu. Karɓar ɗigo ta ƙaru sosai a wurin. Ba a zagi kowa ba. Ga kuma irin su Aminu Ahmed Tudun Wada, shugaban ƙungiyar waɗanda shan inna ya nakasa a Kano, masu ƙera kekunan guragu da hannun su, su na bi gida-gida su na cewa iyaye ku dube mu. Mutum ɗaya irin wannan a gaban kamara ya fi likitan ƙarya goma.

Fim na gaskiya kuma dole ya amsa tambayar da ake yi a kowace majalisa, wadda finafinan kwangila ke tsallakewa: don me ake bi na har ɗaki da ɗigo kyauta, amma in ɗa na ya na zazzaɓi ko farasitamol sai na saya? Tambaya ce mai kyau, kuma ta na da amsa. Foliyo a jikin ɗan Adam kaɗai ya ke rayuwa, kamar agana. In aka tare shi ko'ina ya mutu har abada, kamar yadda aka gama da agana a 1980, wadda lambar ta ke dantsen iyayen mu har yau. Muddin ya na Kano, ɗan Landan ma bai tsira ba, kuma dole ƙasar sa ta ci gaba da kashe kuɗin rigakafi. Ba son mu ne ya yi masu yawa ba, kan su su ke karewa, mu kuma mu ka ci albarkaci. Ka gaya wa Bakano haka zai gane, ai ɗan kasuwa ne. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne a ce masa tsabar ƙauna ce.

Haka nan dole a faɗi ɗaya gaskiyar mai ɗaci. Ɗigon da ake yi ƙwayar cuta ce da aka raunana. A inda yara da yawa ba su karɓa ba, ga kuma ƙazanta, ta kan yi ta yawo daga ciki zuwa ciki har ta sake yin ƙarfi ta nakasa yaron da ba a yi wa ba. Irin wannan ya kama yara sama da 400 a Nijeriya a 2021, shi ya sa ba a daina zagayen ba. Masu faɗakarwa na tsoron faɗin haka wai kada mutane su firgita. To ai sun ji a waya tuntuni, a bakin wanda ya faɗi rabi ya bar rabi. Rabin da ya bari shi ne gidan da ya rufe ƙofa shi ke ba ta wurin kiwo.

Kada kuma mu 'yan unguwa mu ce laifin duk na 'yan fim ne. Zargin namu zaɓe ya ke yi. Mutumin da ke tsoron ɗigo biyu shi ne ke wuni cikin sinadarin jima a Challawa. Ruwan da masana'antun Sharada ke saki ta Salanta, da na Challawa da ke gangarawa kogi, da na Bompai da ke bi ta Getsi ya faɗa Jakara, da shi ake ban-ruwan latas da kabejin da mu ke saye, kuma masana a jami'o'in mu sun daɗe su na auna gubar da ke ciki. Ban taɓa ganin an rufe ƙofa an hana mai salak shiga ba. Yaro mai kemis da ko takardar shaida ba shi da ita zai zuƙo ruwa daga kwalbar da ba ka karanta ba ya tsira wa ɗan ka, ka biya, har ka yi godiya. In kuma kujerar Makka ta samu, Saudiyya ta ce sai da shaidar allurar sanƙarau da ta foliyo, za ka ga Alhaji ya naɗe hannun riga tun kafin a kira sunan sa. A nan ba a tuna Yahudu. Jikin babba mai biza ya yarda da allura, jikin jariri ne fagen jihadi.

Akwai ma sabon salo, wai ba za a ɗiga wa yaran layi ba sai an gyara kwata ko an kawo taransifoma. Buƙatar gaskiya ce, amma dubi abin da aka yi garkuwa da shi. Ɗan kansila ba a layin ya ke kwana ba.

Masu cewa ƙaddara kuwa, malamai sun fi ni sani, amma ko ɗan Islamiyya ya san Sayyidina Umar ya juya da tawagar sa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, kuma bai ɗauki hakan a matsayin fita daga ƙaddara ba.

Su ma ma'aikatan lafiya su ji nasu. Na raka yaya ta wani ƙaramin asibiti ranar allura. Tun bakwai na safe mata ke zaune a rana, sai wajen sha ɗaya aka fara, wata ma'aikaciya na daka wa wata mai jego tsawa don ta manta kati, aka ce wa wasu su dawo wani satin don ba za a fasa kwalba saboda yara uku ba. Babu wanda ya gaya wa yaya ta cewa yaron zai iya yin zazzaɓi da dare kuma ba komai ba ne. Da zazzaɓin ya zo, surukar ta ta ce, "Ai na faɗa maku." Matar da ta biya kuɗin mota ta sha wannan, ba ta buƙatar wani ya turo mata saƙon murya kafin ta ƙi komawa. Da yawa cikin yara sama da miliyan biyu da ake cewa ba su taɓa karɓar allura ko ɗaya ba a ƙasar nan, iyayen su ba aƙida ce ta hana su ba, gajiya ce. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 ya kashe sama da mutum dubu, Kano ce kuma ta ɗauki kaso mafi tsoka, yawanci yaran da ba a yi wa allura ba ko ba a ƙarasa masu ba.

Don haka ga ƙalubale na ga masu finafinai masu dogon zango, waɗanda ke iya jan rigimar gado har zango goma. Ku ba mai ƙin rigakafi babban jarumin ku, wanda mata ke so, ku sa masa shadda mai kyau. Ku bar shi ya faɗi hujjar sa da ƙarfin ta, har ɗan kallo ya gyaɗa kai. Ku nuna Asibitin Zana yadda ya faru. Ku sa matar da ke ƙwanƙwasa masa ƙofa ta zama ƙanwar uwar sa. Sannan ku bar labari ya yi aikin sa, kada likita ya dubi kamara. Kada ku jira wata ƙungiya ta biya, domin ranar da tambarin ta ya fito a ƙarshen fim, ranar ya mutu a majalisar shayi.

Maƙwabcin nawa har yanzu ya na goge alli. Rannan ma na ji shi a wurin mai shayi ya na cewa shi allurar Bature ba ta taɓa shiga gidan sa ba. Abin da bai sani ba, kuma matan layin duk sun sani, shi ne bayan rasuwar yarinyar mai ɗakin sa ta riƙa cewa za ta je awo ko barka, ta saɓa ƙananan biyu ta kai su har aka gama masu. Katunan na gidan wata maƙwabciya, a cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa.